Darasinmu: "Akwai Wadda Na Sani A Can", Neman Aiki A Ƙasar Waje Ta Hanyar Sanayya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan uwana mata, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata magana ce da ta zama ruwan dare a gidajen biki da suna, tun daga nan Shinaka har Goronyo da Wurno da Rabah. Maganar kuwa ita ce: "Akwai wadda na sani a can, ta ce za ta sama mini aiki." Can ɗin nan wani lokaci Makka ce ko Jidda, wani lokaci Libiya ko Aljeriya, ga waɗanda suka yi boko kuma Dubai ko Ingila. Wadda aka sani ɗin kuwa ba baƙuwa ba ce. Gwaggo ce, ko ƙawar Inna, ko wata Hajiya da kan zo ganin gida bayan shekara biyu da haƙorin Makka da akwatuna. Don haka ne abin yake da wuyar magana, domin wadda ta yi tambaya sai a ce ta zargi dangi.

Duk wadda ta san halin da gabashin Sakkwato yake ciki ba ta tambayar abin da ke sa mace ta so fita. Mu mazauna bakin gulbin Rima mun ga ambaliyar 2010 wadda ta share gidaje da rumbuna. Daga baya kuma ga 'yan bindiga. A watan Oktoba na 2021 an faɗa wa kasuwar Goronyo ranar cinta, aka kashe mutum sama da 40, da yawansu suka bar mata da marayu. Fadamar da ake noman albasa da tafarnuwa, wani wurin ba ya shiguwa sai da fargaba. Sannan ga lissafin kuɗi. Riyal ɗin Saudiyya ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a dala ɗaya, ita kuwa naira tun da aka sake ta a watan Yuni na 2023 ta yi ta faɗuwa har dala ta haura naira 1,500 a 2024. A ce an yi wa mace alkawarin riyal 800 a wata. A wancan canji ya haura naira 300,000, alhali mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Bazawara mai ɗiya biyar ta ji wannan, ki ce mata kada ta yi tunani? Ai za ta yi. Abin da ya rage mana shi ne mu duba yadda addininmu ya tsara wannan al'amari, da kuma yadda abin yake a zahiri idan an sauka daga jirgi.

Ki buɗe Suratul Ƙasas, 'yar uwa, ki karanta daga aya ta 23 zuwa ta 28 tare da tafsiri. Labarin baƙo ne da ya samu aiki a ƙasar da ba tasa ba ta hanyar shaidar da wata mace ta yi masa. Annabi Musa (AS) ya baro Masar yana gudun ransa, ya isa Madyana ba shi da kowa ba shi da komai. Ya tarar da 'yan mata biyu sun ja gefe da dabbobinsu saboda cunkoson maza a bakin ruwa, ya shayar musu. Da suka koma gida, ɗayarsu ce ta ba mahaifinsu shawara ya ɗauke shi aiki, ta kuma kafa hujja da halaye biyu, ƙarfi da amana. Malaman tafsiri sun ce ba da ka ta faɗa ba, abin da ta gani da idonta ne a bakin rijiya da kuma kan hanyarsu ta zuwa gida. Sai kuma ki lura da abin da ya biyo baya. Tsohon nan bai ce masa "zo ka fara, ma yi magana daga baya" ba. An ambaci wa'adi, shekara 8, in ya cika 10 to daga gare shi ne. Tsohon ya bayyana cewa ba ya nufin tsananta masa. Annabi Musa ya maimaita sharaɗin da bakinsa don kada a yi jayayya gaba, suka sanya Allah shaida.

To kin ga sanayya halal ce. Hasali ma aya ta 85 a Suratun Nisa'i ta nuna cewa wanda ya shige wa wani gaba a kan alheri yana da rabo daga ladan, kamar yadda wanda ya shige gaba a kan sharri yake da kaso daga zunubin. Amma sanayyar da Alƙur'ani ya ba mu misalinta tana tafe da abubuwa biyu: mai shaida ta faɗi abin da ta gani ne kawai, kuma an yi sharaɗi bayyananne kafin a fara aiki. Wannan na biyun shi ne malamanmu na Malikiyya suka tsaya a kai a babin ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada. Duk wadda ta yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ta san cewa sai an san lada an san wa'adi ijara take inganta. Idan aka ce miki "ke dai ki je, in kin isa za ki ga komai," wannan shi ne garari, cinikin kifi a cikin ruwa. Ba za ki yarda ki sayar da buhun albasa a haka ba, balle shekara biyu na rayuwarki.

Ba mu muka fara ba

Tafiya gabas tsohuwar hanyarmu ce. Kakanninmu sun tafi aikin Hajji a ƙasa, suna tafe suna yada zango suna aiki, wani ya yi shekaru kafin ya ga Bahar Maliya. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har ƙasar Sudan, inda suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno, a bakin kogin Nilu kusa da Sennar. Da aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira a 1925, mutanenmu da yawa a can suka yi ƙodago suka tara guzurin ƙarasawa Makka. Kalmar "takari" da muke faɗa yanzu da ɗan raini, daga Takruri ta samo asali, sunan da mutanen Hijaz suke kiran mutanen yammacin Afirka tun da daɗewa. Sai dai ita ma waccan hanya ba ta tsira daga maciya amana ba, domin an samu waɗanda aka tafi da su da sunan Hajji aka sayar da su bayi, kuma sai a 1962 Saudiyya ta soke bauta a hukumance.

Ta kudu da yamma kuwa akwai cin rani da fatauci, Ikko da Badun da Kumasi da Ankara. A can tsarin mai gida ne yake riƙe baƙo. Idan ɗan Wurno ya sauka a zango, wurin mai gidan da ke saukar da Sakkwatawa zai nufa. Shi zai ba shi masauki, ya haɗa shi da aiki, ya tsaya masa in rigima ta taso. Me ya sa wannan tsari ya yi aiki? Domin mai gidan zaunanne ne, an san ƙofar gidansa, akwai sarkin zango da liman a kansa, kuma in ya cuci baƙo ɗaya labari zai riga shi isa gida, daga nan babu mai sake sauka wurinsa. Mutuncinsa shi ne jarinsa. Duk da haka, da gwamnatin Busia ta Gana ta fitar da dokar korar baƙi marasa takardu a watan Nuwamba na 1969, ta ba su mako biyu kacal, babu mai gidan da ya iya tsaya wa kowa. Mutanen da suka yi shekara 20 a can suka dawo da abin da kai zai iya ɗauka. Tun daga lokacin ya kamata mu gane cewa in hukuma ta tashi, takarda take tambaya.

Yanzu ki kwatanta da sanayyar yau. Hajiyar da kika sani ita ce kan igiya kawai. Ita za ta miƙa ki ga wani ejan a Kano ko Abuja, wanda ta sani a waya. Shi kuma zai miƙa sunanki ga wani ofishi a can, wanda bai taɓa takawa ba. Ofishin ne zai miƙa ki ga mai gidan da za ki yi wa aiki, wanda babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya taɓa kwana a gidansa. Ke kuwa kin fita daga gida da natsuwar cewa "ai hannun Hajiya nake." Hannun Hajiya ya ƙare tun a tashar mota.

An ruwaito cewa wani mutum ya zo gaban Sayyidina Umar (RA) yana yabon wani da gaskiya. Sai Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ko ya taɓa yin tafiya da shi, ko kuɗi ya taɓa haɗa su. Mutumin ya ce babu ko ɗaya. Umar ya nuna masa cewa ashe bai san shi ba, ganinsa kawai ya yi yana salla a masallaci. Wannan ma'auni nake so ki ɗauka. Idan Hajiya ta ce "mutanen kirki ne," ki tambaye ta cikin ladabi: Hajiya, kin taɓa shiga gidan? Wa ya yi aiki a can kafin ni, kuma me ya fitar da ita? Zan iya magana da ita? Akwai kuma tambayar da kunya take hana mu yi, alhali ita ce uwar tambayoyi: wa zai biya Hajiya, kuma nawa? Dillanci halal ne idan an bayyana shi. Amma wadda ake biya a kan kowane kai da ta kawo, shaidarta ba ta zama ɗaya da ta wadda ba ta da riba a ciki, ko da kuwa ciki ɗaya kuka fito.

Biza, igama da bashi

Abu na farko da za ki nemi gani da idonki shi ne irin bizar da aka buga miki. In ba ki iya karantawa, ki kai wa wanda ya iya, wanda ba shi da alaƙa da ejan. Bizar Umra da ta ziyara ba su halatta aiki, kuma suna da ranar ƙarewa. Wadda ta shiga da su ta maƙale, daga ranar ta zama marar igama. Ba ta zuwa asibitin gwamnati da gaba gaɗi, in an hana ta haƙƙinta tsoron kai ƙara take yi, ganin motar askarawa kuwa sai gabanta ya faɗi. Ƙarshenta gidan tarhil na Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda, daga nan a sauke ta a Kano da kayan jikinta. An yi irin wannan kame mai yawa bayan ƙarewar wa'adin afuwa a watan Nuwamba na 2013, aka sake wani a 2017. Ta fuskar addini kuma, biza alkawari ce. Kin ce ibada za ki yi ki fita, aka buɗe miki ƙofa a kan haka. Fara neman halal da saɓa alkawari a ƙasa mai alfarma, wannan ni dai ban ga albarka a cikinsa ba.

Wadda ta shiga da bizar aiki ta gaskiya tana ƙarƙashin kafili, wato mai gidan da sunansa yake a igamarta. A watan Maris na 2021 Saudiyya ta sassauta wannan tsari ga ma'aikatan kamfanoni, amma sassaucin bai haɗa da masu aikin gida ba. Su an yi musu tasu dokar daban, wadda ta fara aiki a watan Oktoba na 2024. Yana da kyau ki san abin da ke cikinta: ba a ɗaukar wadda ba ta kai shekara 21 ba, aiki ba ya wuce awa 10 a rana, akwai hutun yini guda a mako, akwai hutun wata guda bayan shekara biyu, kuma mai gida ba shi da ikon riƙe fasfonki. Ana yin yarjejeniyar ne ta manhajar gwamnati mai suna Musaned. Doka ce mai kyau a takarda. Amma ki tuna a cikin gida za ki zauna, bayan katanga, ba ki jin Larabcinsu, kuma in kika fita ba izini mai gida yana iya kai rahoton cewa kin gudu, wanda hakan yana iya mayar da ke sahun marasa takarda. Wadda ta san dokar ta fi wadda ba ta sani ba, ko ba komai ta san an cuce ta, ta kuma san akwai ofishin jakadancin Najeriya a Riyad da ƙaramin ofishi a Jidda.

Sai bashi, wanda shi ne igiyar da aka fi ɗaure mata da ita. A tsarin Saudiyya, kuɗin ɗauko ma'aikaciya a kan mai gida yake. Idan ejan ya ce miki shi ya kashe kuɗin biza da jirgi, za a riƙa cira daga albashinki, to ki sani mai yiwuwa baki biyu yake ci. A ce ya ce ya kashe riyal 8,000, albashinki 800. Wata 10 ke nan kina wanke-wanke da shara ba a aika wa 'ya'yanki ko sisi ba, in ma bai ƙara wani abu a kai ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, da wa'adinsa da shaidunsa. Allah da Ya halicce mu Ya san abin da bashin baki yake jawowa tsakanin 'yan uwa. Wadda ta ce "haba, ni da ke har sai an rubuta?" ki ce mata ba ke kika ce a rubuta ba.

A nan gida ma akwai doka. Ba kowa ne yake da izinin ɗaukar mutane aiki zuwa waje ba, sai mai lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Ki nemi sunan kamfanin da lasisinsa, a sa wani ɗa ko ƙane mai ilimi ya bincika. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, wadda aka kafa a 2003, tana da ofishi a Sakkwato, kuma tambaya kafin tafiya ta fi kuka bayan an tafi. A watan Afrilu na 2020 wani mutum a Lebanon ya sa hoton fasfon wata 'yar Najeriya mai aikin gida a Facebook yana tallar ta a kan dala 1,000, sai da hukumomi suka shiga aka kama shi.

Hanyar sahara kuwa, daga Illela zuwa Ƙonni, Tawa, Agadas, ba ni da abin cewa a kanta sai a'a. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su: yara 52, mata 33, maza 7. Akasarinsu Hausawa ne daga yankin Kance a jihar Damagaram. A Libiya akwai abin da matafiya da kansu suke kira gidan bashi, inda ake tsare mutum ana dukansa ana buga wa danginsa waya su ji kukansa su aiko kuɗi. A watan Nuwamba na 2017 duniya ta ga hoton bidiyon da ake gwanjon mutane a can a kan dala 400. Nijar ta yi dokar hana safarar baƙin haure a 2015, ta soke ta a ƙarshen 2023, don haka motoci sun koma fita a fili. Soke doka bai ƙara rijiya ko ɗaya a sahara ba.

Ku kuma ɗiyanmu da suka yi karatun jinya ko ungozoma, sanayyarku ta waya ce, amma tarkon iri ɗaya ne. Ƙawa tana iya gaya miki wurin da ake nema, ta nuna miki yadda ake cika takardu, wannan taimako ne. Wadda ta ce ki turo miliyoyi a saya miki takardar ɗaukar aiki, ki ja da baya. Mutane da yawa sun sayar da filaye sun isa Ingila sun tarar babu aikin, kuma tun watan Yuli na 2025 ƙasar ta rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje.

Abin da shari'a take tambaya

A ajin matan aure ana yawan yi mini tambayar muharrami. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim a kan hana mace tafiyar yini da kwana ba tare da muharrami ba. Imamu Malik ya yi rangwame ga Hajjin farilla idan akwai amintacciyar tawaga, kuma malaman zamani sun yi saɓani a kan tafiyar jirgi. Wasunku za su tuna 2012, lokacin da aka tsare ɗaruruwan alhazai mata 'yan Najeriya a filayen jirgin Saudiyya aka dawo da su saboda rashin muharrami. Daga 2021 hukumomin can sun sassauta wannan. Amma kada a ruɗe ki da wannan sassauci, domin tambayar mai zuwa aikatau ta wuce ta awa biyar a jirgi. Shekara biyu za ta yi a gidan da akwai mai gida da samarin 'ya'yansa, uwar gida tana fita, ƙofa tana rufe. Keɓewar da shari'a ta hana ke nan, kuma in wani abu ya faru, kalmar wa za a ɗauka? Ra'ayina, budurwa ba ta da abin yi a wannan hanya, komai talaucin gidan. Babbar mace da lalura ta matsa, ta kai al'amarinta ga malamin da ya san fiƙihu ya kuma san yadda aikin yake, ta faɗa masa gaskiya duka, ba rabi ba.

Matar aure ba ta fita sai da yardar miji, yardar gaske, ba wadda aka samu da gori ba. Mai takaba tana zaman wata 4 da kwana 10 a ɗakinta, in tana da ciki sai ta haihu, ejan ya ce biza za ta ƙare, ta ƙare. Auren biza da ake ƙullawa don a samu takarda a rabu in an isa, wasa ne da abin da Annabi (SAW) ya nuna cewa wasansa ma gaske ne, in kuma an yanka masa wa'adi ya zama auren da aka haramta. Haka ƙara wa yarinya 'yar 16 shekaru a fasfo don ta kai 21, shaidar zur ce, kuma uwar da ta sa hannu ta cire wa ɗiyarta kariyar da dokar ta yi mata.

Wata musibar kuma saƙo ce. "Ga 'yar jaka ki kai wa ɗan uwana, kuka ce da daddawa." Saudiyya tana yanke hukuncin kisa a kan safarar ƙwaya, kuma a watan Afrilu na 2019 ta zartar da shi a kan wata 'yar Najeriya. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba da ta je Umra tare da mahaifiyarta, saboda wata jaka mai ƙwayar Tramadol da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Kano ba da saninta ba. Sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin hukumar NDLEA ta gano masu hannu a ciki aka sake ta. Wannan wadda ba ta karɓi saƙon kowa ba ke nan. Ki ƙirga jakunkunanki, ki riƙe 'yar takardar da aka ba ki a kansu, abin da ba ki zazzage kin gani ba kada ya shiga kayanki, ko na wane ne.

Ke kuma Hajiya mai kai mutane, da ke nake yanzu. Wataƙila da zuciya ɗaya kike yi, ke kin je kin dace, kina so 'yar ƙanwarki ma ta samu. To ki faɗa mata duka. Ki faɗa mata daren da kika kwana kina kuka, da watannin da aka riƙe miki albashi, da wadda kuka tafi tare ba ta dawo ba. Zinaren da kike sawa ran suna yana wa'azi fiye da bakinki, yara suna kallo. In ana ba ki wani abu a kan kowace yarinya, ki bayyana wa iyayenta. A cikin Bukhari akwai hadisin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar ƙiyama: wanda ya yi alkawari da sunan Allah ya yi yaudara, wanda ya sayar da ɗa mai 'yanci ya ci kuɗinsa, da wanda ya sa ma'aikaci aiki ya hana shi lada. Sarƙar da muka bayyana a sama tana iya tara ukun nan a kan yarinya ɗaya, kuma ke ce farkon sarƙar.

Akwai kuma cutar da ba a can ake yin ta ba, a nan gida ake yi. Mace ta yi shekara huɗu tana aiko kuɗi a gina mata ɗaki biyu, ta dawo ta tarar ko tubali ba a aza ba, yaya ya ƙara aure, ƙane ya sayi babur. In ta yi magana a ce ta zo da rashin kunyar takari. Wannan cin amana ne, dukiyar mace tata ce, babu wa ko miji da ya halatta ya taɓa ta sai da daɗin ranta. Duk wadda ta ƙudura tafiya ta halal, ta buɗe asusun banki da sunanta kafin ta tashi, ta ware abin cefanen yara daban da abin ajiya. Ta bar kwafin fasfo da biza da yarjejeniya da sunan kafili da unguwarsa a hannun mutum biyu, ɗaya a gida ɗaya a waje, kamar Amirar reshenku ko limamin unguwa. Ta haddace lambar waya biyu a ka, domin waya ce abin da ake fara karɓewa. A kuma yanka ranar da za ta riƙa kira, in ranar ta wuce sau biyu shiru, a tashi a bi sawu tun daga kan wadda ta kai ta, kada a zauna ana cewa "ai tana hannun Hajiya."

Waɗanda aka kwaso suka dawo hannu rabbana suna nan a cikinmu, wasu da ciwo, wasu da yaran da aka haifa can waɗanda Hausa ma ba ta zauna a bakinsu ba. Ina roƙon shugabannin rassa na Goronyo da Wurno da Rabah su jawo su cikin ta'alim, a sa yaransu Islamiyya ba tare da an tsananta kuɗin wata ba, a sa su cikin adashe da koyon sana'a. Wadda ta yarda, a ba ta dama ta yi wa 'yan mata bayani da bakinta a zaman mata zalla, domin ta san sunayen unguwanni da dabarun ejan da babu malamar da ta sani.

A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu duba hukuncin renon yaran da uwa ta tafi ta bari: wa ya fi cancanta ya riƙe su a jerin da malaman Malikiyya suka kawo, kuma ciyar da su a kan wa yake. Mai tambaya a kan darasin yau ta ba Amirar reshenta a rubuce.